Bakin Asma'u da Shirun Yayanta

Roni, kakar 1955. Litinin, da hantsi

Yau Asma'u ta ce tsintsiya. Ina cikin shara ta zo ta riƙe mini zane ta ce, "Ba ni tsintsiya," tiryan-tiryan, ba ta ci ko gefen kalmar ba. Na saki sharar na zauna bakin rijiya ina dariya, har Fatu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Yarinyar da ko yaye ba a yi mata ba.

Malam ne ya ba ni littafin nan da fensir. Ya ce tunda na wahala na koyi boko a ajin Yaƙi da Jahilci, kada in bar hannuna ya mutu, in riƙa rubuta abin da na ga dama. To abin da na ga dama ke nan, bakin Asma'u. Ta iya ruwa, ta iya tuwo, ta iya a'a, kuma a nan ta fi ƙwarewa. Ta iya "Allah ya isa," wanda ban san inda ta tsinto shi ba, amma ina zargin Fatu.

Yaron yana zaune gindin turmi yana kallonmu. Bai ce komai ba.

Litinin, bayan la'asar

Na duba abin da na rubuta da safe, na ga na ce "yaron" kamar ɗan maƙwabta. Nawa ne. Shi ne na fari, ya girmi Asma'u da kusan shekara uku. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zama hira da shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata. Nawa kuma kunyarsa biyu ce, don sunan surukina aka sa masa, Allah ya jiƙansa. Ko a takarda hannuna ba ya yarda ya rubuta.

Tun da aka yaye shi yana Gwiwa wurin kakanninsa. Sai farkon daminar nan, bayan rasuwar tsohon, aka dawo mana da shi. Daga ran nan zuwa yau ban ji muryarsa ba. Kuka ma a hankali yake yi.

Laraba, da azahar

Inno ta zo daga Gwiwa, uwar Malam. Bafulatana ce siririya, kunnenta ya yi nauyi, in za ka gaishe ta sai duk unguwa ta san kun gaisa. Har yau Amarya take ce mini, da 'ya'yana biyu. Ni jinin Barebari ce, da ba surukata ba ce da ta sha tsiyar da muka saba yi wa Fulani, amma ina, sai sunkuyar da kai.

Asma'u ta haye cinyarta ta yi ta zuba, rabi Hausa, rabi yaren da ita kaɗai ta sani. Inno ba ta ji ko ɗaya ba, amma ta ga baki yana motsi ba hutawa. Ta ce, "Amarya, wannan ta kwashe bakin gidan nan kaf, ba ta rage wa yayanta ba." Sai ta miƙa wa yaron hannu. Maigida take ce masa, saboda sunan mijinta gare shi. "Maigida, ba gaisuwa?" Ya zo ya durƙusa ya kama gefen zanenta. Ta ɗaga haɓarsa, ta sa yatsa ta buɗe bakin, ta daɗe tana leƙen ƙarƙashin harshensa.

Ta ce, "Linzami ne ya ɗaure harshen. Duk zaman da ya yi a hannuna ban ji ya ce mini ko Inno ba. Na yi magana da Sama'ilu wanzami. In an gama cirar gyaɗa, Asabar ɗin da ta biyo zan zo da shi ya yanke masa."

Na ce, "To, Inno."

Wallahi abin da na ce ke nan. Da ƙarfi ma na faɗa, don ta ji.

Alhamis, da safe

Fatu ta ji komai ta katanga, dole ta ji. Da ta shigo ɗibar wuta ba ta dube ni ba. Hassan ɗinta yana biye da ita, shi kaɗai. Ba zan rubuta maganar Hussaini a nan ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Malam ya dawo daga Kazaure. Aikinsa na malamin gona na En'e ba ya barinsa ya zauna a kakar gyaɗa, yau yana nan, gobe yana bayan Baturen gona a wani ƙauye. Na jira ya ci abinci, sannan na ce ko za a kai yaron ɗakin shan magani a Kazaure a duba harshen tukuna. Ya daɗe yana wanke hannu. Ya ce, "Inno ta riga ta yi magana."

Ya zo da rake gaɓa biyu. Ya ba Asma'u duka biyun ya ce, "Kai wa wancan ɗaya." Alhali wancan ɗin yana tsaye kusa da shi, da ya miƙa hannu ya taɓa kansa. Shi ma kunyar yake yi, har ya fi ni. Mu biyu manya muna gida ɗaya da yaro, muna aika masa saƙo ta hannun mai shan nono.

Asabar, da yamma

Asma'u: kaza, zafi, "nawa ne." Shi: shiru.

Lahadi, da azahar

Na gwada. Ba kowa a gidan, Asma'u tana barci, shi yana jera tsakuwa a tsakar gida. Tun daga madafa na shirya abin da zan ce masa, ɗan abu kaɗan, in tambaye shi me yake ginawa. Na tsaya a kansa na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai, matsa daga rana." Ya matsa. Na koma madafa ina jin haushin kaina.

Litinin, da hantsi



Ina ba Kyalla dusa, akuyata ke nan, sai na shiga yi mata mita don ba ni da wanda zan yi wa. Na ce, "Kyalla, ke dai kin huta. Ga ki da ciki, ba mai kula da ke, ga harawa can bayan rumbu, ba mai kawo miki." Na juya na shiga ɗaki. Da na fito sai na ga harawa a gaban akuya, runguma guda, shi kuma ya koma gindin turminsa ya zauna kamar bai taɓa tashi ba. Ga ganyen gyaɗa a gashinsa.

Yana ji. Yana ganewa. Ba kurma ba ne, ba wawa ba ne, duk abin da yaran unguwa suke kiransa ƙarya suke. Na shiga ɗaki na taka rawa ni kaɗai, ni da ko a bikina ban yi ba.

Kuma na samu hanya. Ba a hana mace magana da akuyarta ba.

Talata, bayan la'asar

Yau Kyalla ta sha labari. Na gaya mata yadda ake dama fura, na gaya mata sunan duwatsun Kazaure da na sani, na gaya mata yadda na faɗa kududdufi ina yarinya aka tsamo ni da ƙafa. A nan ne na ji wani ɗan sauti daga gindin turmi, kamar an toshe dariya da hannu. Ban waiwaya ba. Na ƙara wa labarin gishiri, na ce har kwaɗo na fito da shi a baki.

Fatu ta leƙo ta ce, "Mas'uda, lafiyarki kuwa? Tun safe nake jin ki, na zaci baƙi kika yi." Na ce hira muke da Kyalla. Ta dubi akuyar, ta dubi yaron, ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta sauka.

Laraba, da safe

Na ce, "Kyalla, ni na manta inda na ajiye ludayi." Ludayi ya zo. Na ce, "Kyalla, kin kyauta, Allah ya yi miki albarka." Ya sunkuyar da kai yana murza yatsan ƙafa a ƙasa.

Alhamis, da azahar

An fara cirar gyaɗa a gonakin gabas. Ina jin mata suna wucewa da waƙa. Bana ban so ta yi saurin nuna ba.

Juma'a, da yamma

Wani abu ya faru, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Asma'u ta miƙa hannu wajen randa ta ce, "Ndiyam." Na ce me? Ta buga ƙafa ta ce, "Ndiyam, ndiyam." Na ɗauka cikin yarenta ne na shirme, na ba ta ruwan don na ga inda take nunawa. Malam yana zaune kan buzu, ya dawo ke nan. Sai na ga ya ajiye carbi. Ya ce, "Wa ya koya mata Fillanci?" Na ce wane Fillanci? Ya ce, "Ruwa ta ce." Kafin mu rufe baki ta nuna Kyalla ta ce, "Mbewa." Ya ce, "Akuya ke nan."

Na ce, "Ba kai ba ne?" Ya ce shi da ya tashi a Kazaure hannun kawunsa, Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba, da ƙyar ma ya tuno waɗannan. Ni ban iya ba. Fatu ba ta iya ba. Inno wuni ɗaya ta yi mana, kuma da Hausa ta yi ta mana faɗa. A gidan nan mutum ɗaya ne ya zauna a Gwiwa.

Muka dubi juna ni da Malam. Ba wanda ya dubi gindin turmi. Amma na ga kunnen Malam yana motsi, haka yake yi in murna ta kama shi yana ɓoyewa.

Asabar, da hantsi

Na yi laɓe ban samu komai ba. Sun gan ni.

Lahadi, da hantsi

Ban samu komai ba. Asma'u ce ta tona ni, ta leƙo bayan danga ta ce, "Ga ta."

Litinin, da azahar

Na ji. Na ji da kunnena, ba wani ya gaya mini ba.

Na yi kamar zan shiga gidan Fatu, na rufe ƙofa da ƙarfi, na lallaɓo ta bayan rumbu na tsuguna. Suna can cikin inuwa su biyu da akuya. Da farko Asma'u ce kaɗai ke zuba. Can sai na ji an yi gyaran murya. Na rantse na ɗauka wani tsoho ne ya shigo mini gida ba sallama. Sai aka ce, a hankali, da 'yar murya mai kauri, "Yarinya, ba haka ake yi ba. Ba a jan kunnen dabba. Kawo hannunki." Sai kuma, "To, madalla. Allah ya yi albarka."

Surukina ne sak. Yadda yake jan magana, yadda yake gyaran murya kafin ya ce komai, har "to, madalla" ɗinsa. Yaro ɗan shekara huɗu da 'yan watanni yana magana kamar mai furfura. Ya nuna mata ƙafar akuya ya faɗi sunanta da Fillanci, ya ce ta maimaita, ta maimaita a karkace, ya ce, "Allah ya kyauta." Na cusa bakin zane a baki don kada dariya ta tsere mini, hawaye kuma yana zuba, ban san wanne zan tare ba.

Ashe duk wannan baki na Asma'u da nake rubutawa ina alfahari, malaminta yana gindin turmi.

Sai ƙafata ta taka karan dawa ya ƙarye. Ya ɗago ya gan ni. Bakin ya rufe nan take, ya sunkuyar da kai, ya ja da baya kamar na kama shi da sata. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Litinin, bayan magariba

Na yi ta juya abin a raina. A Gwiwa tsohon ne yake ɗaukarsa zuwa gona da wurin shanu, yana yi masa hira wuni guda. Inno ba ta ji, in ma ya yi mata magana da wannan 'yar murya tasa ba za ta san ya yi ba, har ya gaji ya bari. Tsohon ya tafi. Aka kawo shi gidan da mace ɗaya take ce masa "matsa," namiji ɗaya yake ce masa "wancan." Asma'u kaɗai ce ba ta san kunya ba, ita take zuwa ta kama fuskarsa ta yi masa surutu. Mai yi masa magana yake yi wa magana, shi ke nan ciwon nasa.

Talata, da safe

Malam ya aika wa Inno ta bakin masu zuwa kasuwar Gwiwa cewa yaro yana magana, a fasa. Na yi waina don murna, na aika wa Fatu.

Alhamis, bayan la'asar

Amsa ta dawo. Inno ta ce ta gode, amma ita ta raine shi, ta san abin da ta sani. In yana magana ya yi a gabanta. An gama gyaɗa, jibi suna tafe da Sama'ilu.

Malam kuma an aiko ya bi Baturen gona zuwa wajen Babura, gobe da asuba zai tashi, sai Lahadi. Na ce, "Malam, ba za ka tsaya ba?" Ya ce aikin Sarki ne. Na ga sauƙi ya ji da aka kira shi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don ban san me zai iya ce wa uwarsa ba in ya tsaya.

Ba komai. Yana magana, wannan na riga na sani. Saura ya yi a gaban mutane.

Juma'a, da hantsi

Na ɗaure Kyalla kusa da turmi na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. "Kyalla, gobe Inno za ta zo da baƙo. Da ma a samu wani ya ce mata sannu da zuwa da ƙarfi, yadda za ta ji. In aka ce haka baƙon zai koma gida, ba abin da zai taɓa kowa." Na maimaita har akuyar ta gaji ta juya mini baya.

Sai ya tashi. Ya zo ya rungumi wuyan Kyalla ya sa baki a kunnenta ya yi raɗa, mai tsawo. Ya koma ya zauna. Na jawo Asma'u na ce, "Me Yaya ya ce?" Ta dube ni da idon nan nata ta ce, "Tuwo."

Amma ya amsa. Ta kunnen akuya ne, amma ni ya amsa wa. Gobe zai yi, ina ji a jikina.

Juma'a, bayan la'asar

Fatu ta shigo ta zauna, ba ta zo ɗibar komai ba. Muka yi ta ɓarar gyaɗa. Na ce ai ba Sama'ilu ba ne ya yi wa Hussaininta yankan da ya yi ajalinsa, an ce shi hannunsa da sauƙi. Ta ce haka ne. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mas'uda, ni ma 'to' na ce."

Asabar, bayan la'asar

Bari in rubuta tun yana da zafi, ko da yake ban san ko zan iya bi da bi ba.

Da hantsi suka iso. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa da fura. Sama'ilu dattijo ne mai fara'a, ya gaishe ni da kyau, ya zauna ya kwance zabirarsa ya fara jera kayan aiki a kan ƙyalle. Ya ce a ɗora masa ruwan zafi. Inno ta zauna ta jawo yaron tsakanin gwiwoyinta.

Na durƙusa na ɗaga murya na ce, "Inno, yana magana, na ji shi da kunnena." Ta ce, "To ga shi, ya yi." Ta girgiza kafaɗarsa. "Maigida, gaishe da baƙo." Ya dubi askar, ya dubi ƙasa.

Na waiga neman Kyalla, ashe a rikicewar safe na sake ta ta bi garken unguwa. Na jawo Asma'u na ce, "Je ki tambayi Yaya sunan akuya." Yarinyar nan da tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba, da take yi wa kaji huɗuba, yau ta ga baƙon gemu ta cusa kai cikin zanena ta yi gum. Na lallashe ta, na zungure ta, ko a'a ɗinta ba ta ce ba.

Sama'ilu ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa. Ya ce, "Inno, a riƙe mini kansa." Na ga kan Fatu a saman katanga. Ba akuya, ba Asma'u, ba Malam. Ba wanda ya rage da zan bi ta kansa.

Ban san lokacin da na matsa ba. Na tsinci kaina a durƙushe a gabansa, fuska da fuska, abin da ban yi ba tun yana cikin zanen goyo. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ban san ranar da ya ji ciwon ba. Kuma saboda tun safe da ƙarfi nake magana don Inno, da ƙarfin ya fito, har bayan gida an ji.

Na ce, "Muhammadu Lawal."

Ga shi na rubuta.

Inno ta saki kansa. Wannan kam ta ji, sunan mijinta a bakin surukarta, a tsakar gida, a gaban baƙo. Shi kuma ya waiga bayansa yana neman wanda ake kira. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ni?"

Na ce, "Kai. Da kai nake. Tsoro kake ji?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ina ji." Ya ɗan juya wajen Sama'ilu, bai dube shi ba, ya ce, "Malam, a mai da wuƙar nan, Allah ya ba ka haƙuri."

Sama'ilu ya yi sakato da aska a hannu. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ya matsa kusa da kunnen Inno ya ce, "Inno, wannan harshen ya fi nawa lafiya, ba abin da zan yanka a nan." Ya fara naɗe kayansa.

Inno ba ta yi dariya ba. Ta jawo yaron ta sa kunnenta mai ɗan ji a bakinsa, ta yi masa wata tambaya da Fillanci. Na ce, "Ɗaga murya, Lawal, ba ta ji." Ya ɗaga. Ban san me ya ce ba, na dai ji ya ƙare da "to, madalla." Inno ta ja mayafi ta rufe fuska ta daɗe a haka.

Ba ta ci abincin da na dafa ba. Da za su tafi ta shafa kan Asma'u, ta riƙe hannun yaron, ni ko kallo ban samu ba. Na raka su zaure na ce Allah ya kiyaye hanya, da ƙarfi, ba ta juyo ba.

Asma'u kuwa suna fita ta buɗe baki ta ce, "Wuƙa." Ta yi ta faɗa har la'asar.

Lahadi, bayan magariba

Malam ya dawo. Tun a bakin kasuwa aka tare shi da labari, wai matarsa ta kwaɗa wa ɗan fari kira da sunan uban miji har an ji a masallaci. Wai boko ne ya cire mini kunya. Ya zauna kan buzu bai taɓa abinci ba. Na tsuguna nesa ina jiran faɗa.

Ya ce, "An ce kin kira." Na ce na kira. Ya ce, "Ya amsa?" Na ce ya amsa. Ya ce, "Muryar tasa, yaya take?" Na ce irin ta surukina Baffa ce, har gyaran muryar. Ya tashi ya fita zaure, ya jima bai dawo ba.

Litinin, da azahar

An yi suna a gidan liman, na je. Da na shiga hira ta tsaya, wata ta ce, "Ga uwar Lawal nan," aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Fatu ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita. Daga Gwiwa ba saƙo, kuma na san za a daɗe babu. Abin yana damuna, Inno ba ta taɓa cutata ba.

Amma da na dawo gida na ce, "Lawal, ina Kyalla?" ya ce, "Tana bayan rumbu, ta ci, ta sha." Sai na ji duk dariyar gidan liman ba ta kai wannan ba. Kalma-kalma yake ba ni, yana auna ni tukuna. Asma'u takan zubo goma a ɓata tara, shi sai ya juya ɗaya a baki ya ga ta nuna kafin ya sake ta.

Laraba, da hantsi

Ina zaune bakin ɗaki ina ba Asma'u nono, ya zo ya tsaya a gabana da hannu a baya. Ya daɗe yana kallo. Ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ke ce uwar Asma'u?"

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Hassan kuma Fatu ce tasa."

Na ce haka ne.

Ya gyaɗa kai kamar mai lissafin shanu. Ya ce, "To ni fa, ina tawa take?"

Na cire Asma'u daga nono na ajiye ta a tabarma, tana ta tsala ihu don ba ta ƙoshi ba. Na kama hannayensa biyu.

Na ce, "Ga ni."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ai ba ki faɗa ba."